Mahmuda Mai Guduma da Jar Motar Maraɗi

Tsakanin ƙofar shagona da rumfar Mahmuda taku bakwai ne. Na auna, ba sau ɗaya ba. Ni Misbahu, noti da kusoshin mota nake sayarwa a bayan tashar Ƙauran Namoda, kuma wanda ya daɗe yana zuba noti a tafin mutane ba ya iya ganin abu bai ƙirga shi ba. Shi kuwa Mahmuda jikin mota yake bugawa. Idan mota ta sha karo ta koma kamar gwangwanin da saniya ta taka, wurinsa ake jawo ta. Shekara goma sha ɗaya na yi ina jin gudumarsa, har na gane idan ta yi ƙara uku ta tsaya, to mai shayi ne ya iso.

Ɗan maƙera ne gaba da baya. Ubansa garma da lauje ya ƙera har ya koma ga Allah, kuma gudumar da ya bari ita ce a hannun Mahmuda. An sake mata ƙota sau huɗu, amma kan nan na nan yadda yake, baƙi wuluk, ya yi santsi don shan hannu. Yana saurayi ya ga noma da ƙira ba su kai hayaniyar mota daɗi ba, ya tafi Gusau ya yi shekara biyar a wurin wani Bayarabe, ya dawo da sana'a da kuma baki. Bakin ya fi sana'ar yawo. Abin da yake cewa kullum shi ne, "Ƙarhe bai da taurin kai, sai dai bai gamu da ni ba."

Kuma gaskiyarsa, mu faɗa don Allah. Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara, a casa'in da shida, sabbin manya suka fito da sabbin Fijo, ga mota fil ga direba ɗanye. A cikin wata goma sha biyun farko motoci ɗari da arba'in da uku suka shiga rumfarsa. Hamsin da ɗaya ƙofar gidan masu su suka daka. Talatin da takwas jaki ne ya gitta. Akwai wani da ya kawo tasa sau uku, dukkansu bishiyar dalbejiya ɗaya ce a ƙofar ofis. Babu wadda ta fita da tabo. Daga nan aka daina ce masa Mahmuda ɗan maƙera, ya koma Mahmuda Mai Guduma.

Mutum ɗaya ne a duniya bai taɓa yaba masa ba: Lado gyartai, wani tsoho ɗan Dauran, siriri kamar sillen kara, mai ɗinke wa mata ƙoren da suka fashe. Kowace Talata yakan ratsa ta bayan tasha da jakar fata a kafaɗa yana kiran, "Gyartai! A kawo ƙwarya!" Shi kuma Mahmuda ba ya barinsa ya wuce lafiya.

"Injiniya! Yau koko nawa anka yi ma tiyata?"

"Bakwai," in ji Lado, ba tare da ya tsaya ba. "Kuma ko ɗaya ban doka ba."

Haka suke kowane mako, mutanen tasha na dariya.

Matarsa Azumi 'yar Zurmi ce, mace mai jiki da son zumunci. Ba a biki ko suna a danginta ba ta je ba. Da aka ƙaddamar da Shari'a, mata suka daina hawa kabu-kabu, tafiyarta ta yi wuya. Daga gidansu zuwa tasha sai ta taka da ƙafa da kaya a ka, ta zauna jiran motar mata ta cika, wani lokaci har rana ta take. Wata ranar ta kawo masa abinci rumfa, ta dire kwano, ta dubi motoci shida da ke jere.

"Maigida, ni dai ban gane ba. Motar kowa ta kwana hannunka, matarka na yawo da ƙahwa kamar mai tallar kuka."

Ya koma kan aikinsa. Amma gudumar ta yi ƙara fiye da kima a ranar.

Alhamis ɗin da ta biyo muka je kasuwar Shinkafi tare, ni da kayana, shi don ya duba farashin shanu, saboda yana da bijimai biyu da ake yi masa kiwo a Moriki. A can muka gamu da Tambari, wani Buzu mai kawo raƙuma daga Maraɗi, wanda kuma yake dillancin motocin da ake shigowa da su daga Kwatano. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Buzu da maƙeri, ba sa haɗuwa a rabu ba a yi tsiya ba.

"Bawana maƙeri! Har yanzu kwanon wasu kake bugu?"

"Buzu sarkin yawo, an samu gida ko har yanzu raƙumi na ɗakin?"

Tambari ya sa hannu cikin rawani ya zaro hotuna. Goma sha tara ne. Fijo, Toyota, Fijo, Fijo. Na sha takwas ɗin ne ya kashe mu. Wata jar mota ce a kwance a ƙasa kamar kada, hancinta tsini, fitilunta a lumshe, kujera biyu rak. Irin motocin tseren nan na Turai da muke gani a jikin kalanda.

"Wagga ba taka ba ce," in ji Tambari, yana ƙoƙarin janye hoton. "Ta mutane ce."

Da bai faɗi haka ba, da bijimai na nan. Kafin la'asar an yi ciniki, an tafa, an ce Allah shi sa albarka. Ni dai na ce a je a gani tukuna, Mahmuda ya ce ai ga hoto. Farashin ba zan rubuta ba, domin Azumi ta iya karatu.

Kashegari hoton ya zagaya tashar Ƙaura hannu zuwa hannu. Sufyanu, shugaban direbobi, ya juya shi sama da ƙasa ya ce, "Mai Guduma, in wagga ta taka ƙasar Ƙaura da sunanka, ni kau jirgin sama ni ka tuƙi."

Mahmuda ya miƙe. A lokacin Asiya, ƙanwar Azumi da ke aure a Zurmi, tana da ciki wata bakwai.

"Ciyaman, ka ji ni da kunnenka. Ranar sunan Asiya, in ban shiga Zurmi da Azumi cikin motag ga tana tahiya da kanta ba, wallahi na aje guduma. Kai za ni miƙa ma ita, ka rataye ohis."

"Ku shaida," in ji Sufyanu.

Mutum ashirin da uku suka shaida. Caca dai an hana, amma ba a hana mutum ɗaure kansa da bakinsa ba. Kuma duk wanda ya san Mahmuda ya san idan gudumar ubansa ta bar hannunsa, ba zai sake ɗaukar wata ba.

Bayan mako biyu muka tafi Maraɗi. Tambari ya shiga da mu wani fili cike da motoci, muka wuce sittin da huɗu, ban ga ja ba. Ya kai mu wani ɗakin ajiya can ƙurya, ya buɗe. Akwatuna biyar na katako, da wani jan abu a kife, zabuwa ta yi ƙwai a gindinsa.

"Ina motar?" in ji Mahmuda.

"Ga ta."

"Ina tayu?"

"Haba maƙeri, taya ai ko'ina akwai."

"Inji hwa?"

"Shi ma."

Sai a nan muka ji labarin. Ashe ba ainihin motar tseren ba ce, kwaikwayonta ne. A Turai akwai masu zuba gangar jikin manyan motocin nan da wani abu da suke kira faiba, wato roba da aka dama da zaren gilashi. Sai su haɗa maka da fitilu da kujeru da gilasai a akwati, kai kuma ka nemi tsohuwar Bosuwaja, wadda muke ce wa kunkuru, ka cire mata jiki, ka ɗora wannan a kan ƙashinta. Wani Bature mai aikin haƙa rijiyoyi ne ya yi odarta, aka canza masa wurin aiki kafin ya haɗa. Hoton kuwa daga jikin akwati aka ɗauke shi.

Na ja Mahmuda gefe na ce a fasa. Ya dubi Tambari, wanda ke murmushi ta ƙarƙashin rawani, ya ce maƙeri ba ya ja da baya gaban Buzu. Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa jan abin da yatsa. Ƙarfe yakan amsa da ƙara mai tsawo. Wannan ƙwal ya ce, ya yi shiru.

"Ba ƙarhe ba ne hwa," in ji ni.

"Ko mi ne ne, in dai jikin mota na, ya san guduma."

Muka ɗora a saman wata babbar mota mai ɗauke da wake, muka biyo ta Jibiya. A kan iyaka jami'in kwastan ya zagaya kayan sau uku, biro a hannu.

"Mene ne wannan?"

"Mota ce, ranka shi daɗe."

"Ina injinta?"

"Shina Moriki."

"Tayoyi?"

"Suna Moriki."

Mahmuda ya riga ya tuna da wata kunkuru da ya daɗe yana gani a gidan wani tsohon hedimasta a can. Jami'in ya cire hula ya sosa kai. "Wato injin na Najeriya tun tuni, jikin ne kawai ya je yawo Faransa?" Ya kira abokan aikinsa biyu. Ɗaya ya ce kwale-kwale ne, ɗaya ya ce bahon wankan Turawa ne. Aka buɗe littafi, aka rufe. Daga ƙarshe aka rubuta kayan gyaran mota, muka biya abin da aka yanka, aka ba mu takarda. Awa huɗu da minti goma.

Sai kuma ƙaddara ta sa direban ya tsaya sauke buhu biyar a tsakiyar Zurmi, daf da gidan su Azumi. Kakarta Kulsumu, tsohuwa mai ido kamar na shaho, tana zaune a ƙofar gida tana kaɗi. Tsakaninta da Mahmuda akwai wasan jika, mijinta take ce masa.

"Maigidana! An ce mota ka tahi sawowa, ashe komin ban ruwan shanu na? To ina shanun? Au, na tuna."

Ya kwanta a kan buhunan wake har muka fita gari.

Hedimastan Moriki bai yi gardama ba, kajinsa ne suka yi. Ƙwai tara muka kwashe daga kujerar baya. Amma injin kunkuru ba ya mutuwa, suma yake yi. Aka zuba mai, aka tura, ya yi tari biyu ya tashi. Cire tsohon jikin kwana ɗaya ya ɗauki Mahmuda, yana yi yana waƙa. Ni kuma na buɗe akwatuna na zauna cikin abin da na fi so a duniya: noti da kusoshi ɗari huɗu da goma sha biyu, kowanne a ledarsa. Shida sun ɓata, na cike daga shagona. Akwai littafin bayani mai hoto sittin da uku, da wani yaren da ko hedimasta ya ce bai san inda aka nufa ba. Muka bi hotuna. Birki, sitiyari, wayoyi, kujeru, duk suka zauna cikin mako biyar. Saura ɗora jiki.

Ranar Litinin da hantsi wani direba ya leƙo rumfa. "Mai Guduma, albishirinka. Asiya ta sauka jiya, an samu ɗiya mace. Suna Lahadi."

Kwana shida.

Nan take muka kira mutum takwas aka ɗaga jan jikin aka ɗora. Dama ta zauna daram. Hagu ta ƙi, saura faɗin yatsa biyu a saman tayar gaba. Aka danna, aka jijjiga, ta ƙi. Mahmuda ya tofa yawu a tafi ya ɗauko guduma. Shekara ashirin da biyu ke nan duk abin da ya ƙi zama, haka yake yi masa magana.

Bugu na farko, gudumar ta yi tsalle ta dawo kamar ta daki ganga. Na biyu, wurin ya yi fari. Na ce, "Mahmuda." Na uku, sai muka ji ƙarar da kowace mace ta sani idan ƙwarya ta faɗi a bakin rijiya. Tsaga ta tashi daga gefen fitila ta nufi ƙofa. Na auna: kamu biyu da taƙi ɗaya.

Ya tsaya yana kallo. Sannan ya yi abu na biyu da ya iya, ya kunna wutar walda. Ƙarfe idan ya ga wuta laushi yake yi. Wannan baƙin hayaƙi ya yi, da wari kamar an ƙona tsohon takalmi, ya bar rami kamar faɗin bakin ludayi. Muka watsa ruwa, muka rufe da tamfol kafin labari ya kai ofishin Sufyanu. Mutum takwas ɗin aka saya musu shayi da burodi, aka roƙe su da girman Allah.

Talata Lado ya zo wucewa. Karon farko a shekara goma sha ɗaya, babu wanda ya kira shi injiniya. Tsohon ya tsaya, ya shaƙi iska, ya dubi tamfol.

"Mai Guduma, yau babu gaisuwa?"

"Wuce, aiki ni kai."

Da yamma muka tura motar gidan Mahmuda a rufe, muka ce fenti za a yi, ba a son ƙura. Laraba ya gwada gam iri uku. Alhamis ya cika tsagar da hodar da suke shafe lotsawa da ita, ta bushe, ya ji daɗi, aka rufe ƙofar motar sau ɗaya, duk ta zube. Tsagar kuma ta ƙara taƙi guda. Ya zauna a kan turmi, guduma a cinya, yana shafa ƙotar. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya ce mini, "Misbahu, ranar da baba zai cika, ita yac ce a miƙo mai, yas sa min a hannu. Yanzu Suhyanu za shi rataye ta kusa da kalanda."

Azumi ta fito daga madafa tana goge hannu. Ta zagaya motar, ta sa farce a tsagar, ta ƙwanƙwasa gefe, ta kara kunne.

"Maigida, wagga ai ƙwarya ce."

"Azumi, ki bar ni da abin da ad damuna."

"Ni dai na hwaɗi. Ta yi ƙara irin ta ƙwarya, ta hwashe irin ta ƙwarya. In tawa ce, na san wanda za ni kira."

Na ƙirga, tattabaru huɗu suka sauka a danga suka tashi.

"Ko mutuwa za ni yi," in ji Mahmuda.

"To Allah shi ba Suhyanu ƙusa mai ƙwari," in ji ta, ta koma madafa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na goya shi a babur muka nufi Dauran. Muka sami Lado a gindin tsamiya, ƙore goma sha ɗaya a gabansa suna jiran layi. Mahmuda ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

"Baba Lado, barka da Juma'a."

"Baba? Halan injiniyan ya mutu ban ji ba?"

Ya bari sai da Mahmuda ya faɗi komai da bakinsa, har da walda. A wurin waldar ne ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya huce ya ce zai zo, amma da sharaɗi: muddin yana aiki, guduma tana ɗaki. Mahmuda ya yarda, ya kuma roƙi alfarma ɗaya, kada kowa ya ji.

"Bakina ba shi hwaɗi," in ji Lado. "Hannuna ne ban yi ma alkawalinai ba."

Ba mu gane ba a lokacin.

Asabar tun da sanyin safiya Lado yana tsakar gidan Mahmuda. Abu na farko, ya sa basilla a garwashi, ya huda rami ɗaya a daidai inda tsagar ta ƙare. Ya ce tsaga kamar gulma take, in ba ka tare ta a gaba ba, sai ta gama gari. Sannan ya bi gefe da gefe yana huda ramuka biyu-biyu, Mahmuda Mai Guduma na durƙushe yana fifita masa wuta. Zaren kaba ba zai riƙe mota ba, don haka ya sa na sayo wayar birkin keke, ya warware ta silli-silli. Yana ɗinki yana ja, kuma duk bayan ɗinki huɗu sai ya gitta na biyar ya yi masa 'yan yatsu uku kamar sawun kaza. Rami ɗari da tamanin da shida ban da na farkon, ɗinki casa'in da uku. Ramin da walda ta ƙona kuwa, ya nemi Azumi ta ba shi tsohuwar ƙwarya, ya yanko daidai wurin, ya ɗinke ta ciki.

Saura yatsa biyun da suka jawo masifar. Lado ya leƙa ƙarƙashi, ya zaro wuƙa, ya kankare gefen a hankali kamar mai gyara bakin sabon koko. Ya ce a danna. Ta zauna.

"Dama abin da taka so ke nan," in ji shi. "A tambaye ta."

Mahmuda ya shafe ɗinkin da hoda, ya goge, ya fesa jan fenti hawa uku. Ya yi kyau ƙwarai. Sai dai idan rana ta haska ta gefe, kana iya ganin wani ɗan tudu-tudu yana bin jikin daga fitila zuwa ƙofa.

Lahadi da safe tashar Ƙaura ta tsaya cak. Motar ta shigo tana ruri irin na kunkuru, jikinta na walƙiya, tsayinta bai wuce ƙugun Mahmuda ba. Sufyanu ya zagaya ta, ya shafa tudun nan.

"Wanga hwa?"

"Zanen kamfani na," in ji Mahmuda. "Don iska."

"Lalle Turawa," in ji Sufyanu.

Shigar Azumi ta ɗauki minti shida, domin zama a motar kamar zama a tabarma ne, ga sabuwar atamfa ga mayafi. Wurin kaya kuwa ko kwanon tuwo ba zai ɗauka ba, saboda haka ni na biyo su a babur da turmin zane, da sabulu, da rabin buhun gero. A bayana Sufyanu ne da bas cike da shaidu, sha tara daga cikin ashirin da uku, ya ce ba ya so a ba shi labari.

Lado ya gargaɗe mu a tafi da ita kamar mai ɗauke da nono a ka. Haka aka yi. Motar da a hoto ta fi iska gudu, motoci goma sha huɗu suka wuce ta, da kekuna shida, da wani raƙumi da bai ma san ana tsere ba. Ramukan hanya ɗari da goma sha takwas, Mahmuda ya kauce wa ɗari da goma sha bakwai. Na ƙarshen, ana hango rufin kwanon Zurmi, ya faɗa ciki. Muka ji ƙaras, wani abu ya ja ƙasa. Bas ta tsaya, shaidu suka zubo, Sufyanu har ya fara naɗe hannun riga.

Na riga kowa isa. Na bi tudun da yatsa ina ƙirgawa a zuci. Casa'in da uku, babu wanda ya motsa. Abin da ya karye ƙarfen da ke riƙe da bututun salansa ne, wanda Mahmuda ya yi wa walda da hannunsa. Na ɗaure shi da ragowar wayar Lado da ke aljihuna, Mahmuda kuwa bai ko dube ni ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata jar motar ta tsaya a ƙofar gidan suna da kanta, Azumi a ciki. An riga an raɗa wa jaririya Zuhura, maza na zaune ana rabon goro. Gaba ɗaya suka miƙe. Sufyanu ya zo ya kama hannun Mahmuda ya ɗaga sama.

"Jama'a, na shaida. Guduma ta mai ita ce. Wanga aiki, duk jihag ga babu mai yin shi sai kai."

Mahmuda ya gyara hula, ya fara bayanin yadda ake sarrafa faiba. Yana cikin bayani mata suka fito tarbar Azumi, Kaka Kulsumu a gaba da sanda. Ta zo ta tsaya a gefen hagu, inda rana ke haskawa. Ta sunkuya. Ta sa ɗan yatsa a kan tudun, tana bi tana motsa baki: ɗaya, biyu, uku, huɗu, sawun kaza. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, sawun kaza.

"Lado!" in ji ta. "Wallahi Lado na! Ke Lami, ɗauko min ƙwaryar hurata!"

Aka kawo, ta kara a jikin motar. Ɗinki ɗaya, hannu ɗaya. Ashe duk matan ƙasar nan sun san ɗinkin kowane gyartai kamar yadda muke sanin ƙarar motar kowane direba. Kafin ka ce me, kowace ta ruga gida. Ƙore goma sha bakwai aka jera a kan motar, duk da sawun kaza. Wata ta rangaɗa guɗa.

"Maigidana," in ji Kaka Kulsumu, "ashe ba komi ba na, na yi ma ƙarya. Ƙwarya ce. To a dama muna hura ciki mana!"

Sufyanu ya zauna a ƙasa don dariya, yana cewa, "Zanen kamfani! Don iska!" Wani daga cikin shaidu ya ce ai sai a sake duba maganar guduma. Azumi, wadda mata biyu ke ja daga cikin kujera, ta ɗago kai.

"Mi za a duba? Ya ce za shi kawo ni, ya kawo ni. Wa yac ce ba a ɗinka ba?"

Mahmuda ya dubi ƙoren nan goma sha bakwai, ya dubi motar, sai shi ma dariya ta ƙwace masa. Ya ɗauki ƙwaryar Kaka Kulsumu ya ce in dai akwai fura, shi ne farkon sha.

Guduma tana hannunsa har yau, an sake mata ƙota ta biyar. Sunan ne bai tsira ba, daga Ƙaura har Shinkafi Mai Ƙwarya ake ce masa, kuma yana amsawa. Motar ta kai Azumi suna tara da biki huɗu, ba ta taɓa wuce keke ba. Ni kuma da na lura sabbin motocin da ke shigowa daga Kwatano duk bambarsu ta roba ce, na ba da shawara aka sa wa Lado kujera a rumfa. Kowace Talata yana nan, bamba a cinya, basilla a wuta, Mahmuda na fifita. A watan jiya sun ɗinke goma sha biyu. Idan direba ya tsaya yana tambayar wane ne injiniyan a cikinsu, Mahmuda yakan nuna tsohon da ƙotar guduma, ya ci gaba da fifita.